Labarin Jirgin Titi da Motar Waya a Birnin Landan

Jirgin titi, wanda Turawa ke kira tiram, tarago ne mai tafiya bisa dogo, amma an shimfiɗa dogon a tsakiyar hanyar gari. An fara shi a Amurka cikin 1832, dawakai ke jansa. Hikimar abin ita ce ƙafar ƙarfe bisa dogo ba ta da wuyar ja, saboda haka dawakai biyu sai su ja jama'a mai yawa.

Cikin 1861 wani Ba'amurke, George Francis Train, ya shimfiɗa dogo a Landan. Dogonsa ya ɗara fuskar titi tudu, yana ɓata ƙafafun kekunan doki, mutane suka yi kuka, aka tumɓuke shi. Sai a 1870 aka sake shimfiɗa wani daidai da fuskar hanya, ya zauna.

Daga baya lantarki ya karɓi aikin dawakai. Wani Bajamushe, Werner von Siemens, ya gwada jirgin titi mai lantarki kusa da Berlin cikin 1881, Landan kuwa ta sami nata a 1901. Ya fi na doki sauri da araha, har akwai ragin kuɗi ga ma'aikata masu sammako. Ta haka talaka ya sami damar zama a bayan gari, ya riƙa zuwa aiki cikin birni.

Amma fa abin yana da aibi. Dokar 1870 ta ɗora wa masu jirgin gyaran hanyar da ke tsakanin dogayen, da inci 18 ta kowane gefe, alhali kowa na bin hanyar. In kuma tarago ɗaya ya lalace, na bayansa duka sai su tsaya, don ba su iya kaucewa.

Wannan ya sa aka juya ga motar waya, watau bas mai ƙafafun roba wadda ke shan lantarki daga wayoyi biyu ta sanduna biyu da ke bisa rufinta. Ba ta bukatar dogo, tana iya raɓawa gefen titi ta ɗauki fasinja. Garuruwan Leeds da Bradford suka fara ta a Ingila cikin 1911, Landan ta bi a 1931. Ana cikin musanya jiragen titi da ita yaƙin 1939 ya tsai da aikin.

Bayan yaƙi hukuma ta zaɓi bas mai shan mai, don ita ba dogo, ba waya, ko'ina ta bi. Jirgin titi na ƙarshe ya yi tafiyarsa cikin Yuli 1952, motar waya kuma cikin Mayu 1962.

Da motoci suka cushe hanyoyi, hayaƙi ya yi yawa, sai aka tuna da abin da aka yar. Manchester ta komo da jirgin titi a 1992, Croydon ta kudancin Landan kuma a 2000, bayan an kashe maƙudan kuɗi wajen shimfiɗa sabon dogo.

Abin lura ga masu riƙon gari shi ne a ƙididdige kuɗin gyara tun kafin a ƙulla babban aiki, kada kuma a yi gaggawar rushe wanda ake da shi. Rushewa aikin 'yan kwanaki ne, sake ginawa kuwa sai an shekara ana biya.