Lupus: Cutar Da Ta Fi Kama Matanmu

Sau nawa muka ga mace a Zango tana fama da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala, a sha maganin zazzaɓin sauro har a gaji, daga baya a ce jifa ce? Wani lokacin lupus ce, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, ta taɓa fata da gaɓoɓi har da ƙoda.

A Amurka an yi ƙidaya. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ɗauki nauyinsa ya nuna cewa a shekarar 2018 mutum 204,295 ne ke ɗauke da ita. Cikin kowane goma, tara mata ne, kuma ta fi kama masu shekara 15 zuwa 44. A cikin baƙaƙen mata dubu ɗari, kimanin 231 ke da ita, amma a cikin farare 85 ne kawai.

Ashe ke nan abin ya shafe mu. Da can ana cewa cutar ba ta da yawa a Afirka, amma yanzu likitocin asibitin Korle Bu a Ankara suna ganin masu ita.

Saboda haka idan muka ga ƙuraje a kumatu da karan hanci, ko gashi na zubewa, ko ƙafa na kumbura, mu nemi gwajin jini. Ba a ɗaukar ta daga wani. Ba ta warkewa kwata-kwata, amma magani na kwantar da ita.

Jama'a, da sanyin safiya ake kama fara. Allah ya ba mu lafiya, amin.