Shaidar Mai Saye a Kasuwar Intanet: Ina Adalci ga Ƙaramin Mai Sayarwa?

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Amma a kasuwar intanet kusan kowane ciniki haka yake, domin mai saye yakan biya kuɗi tun bai taɓa hajar ba, kuma bai san fuskar mai ita ba. Shin mene ne ke sa baƙo ya amince da baƙo? Amsar ita ce shaida, wato ɗan bayanin da masu saye ke rubutawa a kan mai sayarwa bayan an gama ciniki. Wannan dabara ta yi amfani ƙwarai, sai dai lissafi ya nuna cewa ba daidai take auna babban ɗan kasuwa da mai sayarwa jefi-jefi ba.

Asalin matsalar

A shekarar 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof na Amurka ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san aibin mota amma mai saye bai sani ba, to mai saye zai riƙa taya kowace mota da araha don gudun asara. Ganin haka, masu motocin kirki sai su janye, a bar kasuwa da rubabbu. Wannan nazari na cikin abin da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001.

A watan Satumba na 1995 Pierre Omidyar ya buɗe wata kasuwar gwanjo ta intanet a jihar Kalifoniya, wadda daga baya aka sa wa suna eBay. Yawancin masu sayarwa na farko ba 'yan kasuwa ba ne, mutane ne masu fitar da tsofaffin kayan gida. A 1996 sai ya ƙirƙiro dandalin shaida, inda kowa zai iya ba abokin cinikinsa yabo, ko kuka, ko kuwa ba yabo ba fallasa. Ta haka shaida ta ɗauki aikin da dillali amintacce ke yi a kasuwa, wato tsaya wa wanda ba a sani ba.

Kyakkyawan suna kuɗi ne

Paul Resnick na Jami'ar Mishigan da abokan aikinsa sun gwada darajar wannan shaida, suka wallafa sakamakon a 2006. Sun sa wani sanannen mai sayar da tsofaffin katunan gidan waya masu hoto ya sayar da kaya iri ɗaya, wani kashi da sunansa na ainihi, wani kashi da sababbin sunaye marasa tarihi. Sanannen sunan ya samu ƙarin kuɗi kimanin kashi 8 cikin 100. Haka kuma a 2010 Luís Cabral da Ali Hortaçsu sun gano cewa da zarar mai sayarwa ya samu kukan farko, cinikinsa da ke ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 a mako yakan koma raguwa da kashi 8.

Lissafin da ke danne ƙarami

A nan ne ilimin ƙididdiga ke da abin faɗa. Alal misali, a ɗauki mutum biyu masu gaskiya daidai wa daida, waɗanda kowannensu ke gamsar da mutum 95 cikin kowane 100. Na farko babban ɗan kasuwa ne mai ciniki 1,000 a shekara. Makinsa ba zai yi nisa da kashi 95 ba, domin yawan ciniki na shanye tsautsayi. Na biyu kuwa ɗalibi ne da ya sayar da tsofaffin littattafai sau 5 kacal. Kuka ɗaya tak zai mayar da shi kashi 80.

Yaya yiwuwar hakan take? Idan aka ninka 0.95 da kanta sau biyar za a samu kusan 0.77. Wato cikin irin waɗannan ɗalibai 100, kimanin 77 ne za su tsira ba kuka, sauran 23 kuwa za su faɗo kashi 80 ko ƙasa da haka, alhali halinsu bai bambanta da na babban ɗan kasuwar ba. Bugu da ƙari, a 2008 eBay ta koma lissafa wannan maki da cinikin watanni 12 na baya kawai, abin da ya ƙara rage yawan shaidun da mai sayarwa jefi-jefi zai jingina da su.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yabo ya yi yawa har ya rage daraja. Chris Nosko da Steven Tadelis sun bayyana a 2015 cewa matsakaicin makin masu sayarwa a eBay ya kai kashi 99.3. Sun nuna cewa da yawa daga waɗanda ba su gamsu ba shiru suke yi. A kasuwar da kowa ke da 99, mai 80 tamkar ɓarawo yake a idon mai saye.

Gyara da illarsa

Da can mai sayarwa ma na iya rubuta kuka a kan mai saye, sai abin ya zama ramuwar gayya, masu saye suka ji tsoron faɗin gaskiya. A watan Mayu na 2008 eBay ta hana masu sayarwa rubuta kuka a kan masu saye. Wannan ya ba mai saye 'yanci, amma ya bar ƙaramin mai sayarwa ba garkuwa idan ya haɗu da mai son zuciya. Kamfanin Airbnb ya bi wata hanya a 2014: yakan ɓoye shaidar ɓangarorin biyu har sai kowa ya rubuta tasa ko wa'adi ya cika, don kada wani ya rama.

Masana ƙididdiga na da nasu magani. Kafin a lissafa makin mutum, sai a ƙara masa wasu shaidu na ƙiyasi daidai da matsakaicin kasuwa. A misalin da ya gabata, a ƙara wa kowa shaidu 20, 19 daga ciki na yabo. Ɗalibi mai yabo 4 cikin 5 zai koma 23 cikin 25, wato kashi 92. Mai 5 cikin 5 zai sauko zuwa 96. Babban ɗan kasuwa mai 950 cikin 1,000 kuwa zai tsaya a 95. Hikimar ita ce kada a yanke hukunci mai nauyi da hujja 'yar kaɗan, na yabo ne ko na zargi. Malamin lissafi na iya ba ɗalibai wannan aiki a aji, su sauya alƙaluman su ga abin da zai faru.

Nauyin da ke kan mai saye

Duk da haka, lissafi kaɗai ba ya isa. Mai saye nagari yakan duba yawan shaidu kafin ya dubi maki. Idan ya tashi rubuta tasa, yakan auna hajar da bayanin da aka yi mata, bai nemi tsohon littafi ya zama sabo ba. Ba ya barin jaki ya bugi taiki, wato ya ɗora wa mai sayarwa laifin jinkirin masu jigilar kaya. Yakan kuma tuntuɓi mai kaya tukuna, ko za a gyara kuskure.

Wannan ba ya nufin a rufa wa mayaudari asiri, domin shirun wanda aka cuta shi ke jefa na bayansa cikin rami. Abin nufi shi ne shaida amana ce. Kalmar da babban kanti ba zai ko ji nauyinta ba, ita ce za ta iya korar ƙaramin mai sayarwa daga kasuwa baki ɗaya.