Ladabin Layi a Bakin Rijiyoyin Damargu

Daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, idan tabkuna suka ƙafe, rayuwar arewacin Damargu takan tattaru a bakin rijiya. Wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas ya wuce Tanut, ko ya yi yamma ta kwarin Tarka wajen Belbeji, zai hango ƙura tana tashi a wuri ɗaya tun kafin ya ga mutum. A ƙarƙashin ƙurar nan rijiya ce. Kewaye da ita ga shanun Fulani, ga raƙuman Abzinawa, ga awakin manoma, ga jakunan mata da jarkoki rataye. Kowa ƙishirwa ta kawo shi, bakin rijiyar kuwa ɗaya ne.

Rijiyoyinmu suna da zurfi, da yawa sun haura mita 50, don haka hannu ba ya iya musu. Ana kafa gwafa a bakin rijiya, a ɗora igiya a kan ɗan gungumen da ke juyawa a tsakaninta, a ɗaura wasaki a baki ɗaya, ɗaya bakin kuma a jikin takarkari ko raƙumi ko jakuna biyu. Yaro ya kora dabbar ta yi nisa daidai zurfin rijiyar, babba ya tari wasakin a sama ya daka wa yaron tsawa ya juyo, sannan a juye ruwan a kwami. Haka za a yi ta yi tun asuba. Babbar rijiyar siminti takan ɗauki gwafa huɗu ko fiye, kuma kowace gwafa da masu ita da lokacinsu. Da yake shanu a tsakiyar rani sukan sha yau su tsallake gobe, gwafa ɗaya takan ishi gida biyu, wannan yau, wancan gobe.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, don a cikinsa maganar take. Ka ƙaddara wasaki ɗaya yana ɗauko lita 40, kimanin abin da saniya mai ƙishirwar kwana biyu za ta shanye. Ka ƙaddara kowane ja yana cin minti uku, tafiya da dawowa. Mai shanu 100 zai riƙe gwafa awa biyar ke nan, in igiya ba ta tsinke ba. To ga wani bawan Allah ya iso da awaki goma da jaki ɗaya, abin da yake bukata bai wuce wasaki biyu ba. In mai gwafa ya ce masa ya shigo, minti shida ya rasa. In ya kau da kai, ya ɗora wa mutumin jiran awa biyar a rana tsaka, awakinsa ba su yi kiwo ba, kuma dare zai same shi a hanya. Duk wanda ya tashi a bakin rijiya ya san wannan lissafin ba tare da ya taɓa riƙe alƙalami ba.

Kawuna, Allah ya ji ƙansa, yana da al'ada guda da na daɗe ina tunawa. Duk bayan 'yan jaye-jaye sai ya miƙe daga bakin kwami, ya sa hannu ya kare rana, ya dubi bayansa. Ranar da na fi riƙewa, wata tsohuwa ce zaune can gefe a inuwar jakinta, ba ta ce da kowa komai ba.

"Inna, tun yaushe kike nan?"

"Ban daɗe ba, ɗana. Ku gama tukuna."

"A'a, kawo jarkokin. Kai yaro, tare shanun nan."

Shanunmu suna ta kuka, suna tura juna, amma sai da aka cika mata jarka huɗu aka shayar da jakin. Ta yi addu'a ta kama hanya. Abin lura shi ne ba ta roƙa ba, kuma da ba a dube ta ba, da ta zauna har la'asar. Mutanenmu suna da kunyar tambaya. Shi ya sa nake ganin nauyin ba da hanya yana wuyan wanda ke gaba, kuma rabin aikin shi ne waiwaye.

Tsarin da na tarar, wanda ba a rubuce yake ba, yana bin ƙarfin haƙuri da ƙishirwa. Ɗan Adam ne farko: matafiyi ya sha, ya cika salkarsa, a shayar da abin hawansa, ba a tambayarsa daga ina ko ɗan wace kabila ne sai ya jiƙa maƙoshi. Sai ruwan gida da mata ke ɗiba. Sai ƙananan dabbobi da maruƙa, sai shanu. Raƙumi yakan zo ƙarshe domin shi ke iya kwanaki bai sha ba. Baƙon makiyayi mai babban garke kuwa maganarsa daban ce. Yakan je ya yi sallama ga mai rijiya, a sha shayi, a ba shi lokaci bayan masu gida sun gama, sau da yawa da dare, kuma a yi masa iyakar kwanaki. Ana yin wannan iyaka ne saboda ciyawar da ke kewaye da rijiyar, domin wanda aka ba ruwa an ba shi kiwo.

Malamanmu ba su bar wannan ga al'ada kaɗai ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Damagaram da Kano da Katsina, an bayyana cewa masu rijiyar dabbobi su ne a gaba har su shayar, daga nan sauran jama'a daidai suke a kanta, kuma ba a hana rarar ruwa don a hana mutane ciyawa. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito an yi kakkausan gargaɗi ga mai rarar ruwa a jeji da ya hana matafiyi. Suratul Ƙasasi kuma ta ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a ruwan Madyana: ya tarar da maza suna shayarwa, mata biyu can baya suna tsare dabbobinsu sai makiyaya sun watse, shi ne ya shayar musu. Duk lokacin da na ji ana fassara wannan wuri a tafsirin azumi, bakin rijiyarmu nake gani.

Ban yi zaton zan tarar da irin wannan magana a wasan masu hali ba, sai da wani ɗan'uwanmu da ke ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin golf na Kano ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake. Filin golf cikakke rami 18 ne, ana bin su ɗaya bayan ɗaya, ƙungiya-ƙungiya, kowace ba ta wuce mutum huɗu ba. Ba ka buga ƙwallo sai na gabanka sun yi nisan da ba za ta same su ba, domin ƙwallon tana da tauri kuma tana iya yi wa mutum mummunan rauni. Saboda haka ƙungiya ɗaya mai nawa takan tsayar da duk waɗanda ke bayanta, wasan da ya kamata a gama cikin awa huɗu ya kai biyar. Ladabin da suka gada shi ne: idan ramin da ke gabanku ya zama wayam, na bayanku kuma suna tsaye suna jira, sai ku koma gefe ku ɗaga musu hannu su wuce. Haka nan in ƙwallonku ta ɓace kuna nema.

Hukumomi biyu da ke rubuta dokokin wasan, R&A ta garin Sent Andurus a Sukotlan da USGA ta Amurka, sun sabunta dokokin a 2019, har da abin da ya shafi wannan matsala. Sun rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓace daga minti biyar zuwa uku, sun ba da shawarar kada bugu ɗaya ya wuce daƙiƙa 40, sun kuma ƙarfafa cewa a wasan da ake ƙirga bugu, wanda ya shirya ya buga ba sai an jira wanda layi ya zo kansa ba. A manyan gasa har hukunci ake yi. A gasar Masters ta 2013 an ƙara wa Guan Tianlang, ɗan ƙasar Sin mai shekara 14, bugu ɗaya saboda jinkiri. Wuri guda ne na ga mun riga su: a tsohon ladabinsu, mai wasa shi kaɗai ba shi da matsayi, shi ne zai kauce wa kowa, sai daga baya suka gyara. A bakin rijiya, wanda ya zo shi kaɗai shi ake fara shayarwa tun kaka da kakanni.

Wanda aka ba hanya shi ma da nasa nauyin, kuma a nan ne matasa suka fi yin kuskure. In an ce ka shigo, ka zo a shirye, jarkokinka a kwance, bakinsu a buɗe. Kada a ba ka wasaki biyu ka ɗaga hannu ka kira ƙanenka da ke ɓoye bayan tudu da tumaki 50. Ka kama igiya ka taya ja ko sau ɗaya ne. Kafin lokacinka kuma ka tsare dabbobinka nesa da kwamin wani. Wanda yake son ganin horo ya je ya kalli jajayen shanun Wodaabe masu dogayen ƙaho: suna tsaye can nesa cikin ƙishirwar kwana biyu, makiyayi yana kiran su kaɗan-kaɗan, waɗanda aka kira su taho, sauran su tsaya. Yawancin faɗan da na gani a rijiya daga nan yake tashi, saniyar wani ta kutsa kwamin wani, a kai mata sanda, mai ita ya zaro tasa.

Akwai kuma jinkirin mugunta, wanda ya fi ba ni haushi. Mai gwafa ba zai ce maka ba zai ba ka ruwa ba, don ya san za a zage shi. Sai ya yi ta jan ƙafa. Ya tsaya gyaran igiyar da ba ta lalace ba, ya sauya takarkari, ya zauna shan shayi gwafa tana banza, ya sake shayar da shanun da suka riga suka ƙoshi, har rana ta faɗi baƙo ya gaji ya kora garkensa gaba. Ya hana ruwa ke nan ba tare da ya furta ba. A filin golf akwai jami'in da ke zagayawa da agogo. A jejin Tenhiya ko Tarka babu mai agogo sai idon jama'a, kuma idon jama'a yana aiki ne kawai a kan wanda yake tsoron ranar da shi ma zai zama baƙo a rijiyar wani. Fari na 1973 da na 1984 sun koya wa iyayenmu cewa wannan rana tana zuwa, domin masu rijiya da yawa sun bar nasu sun yi kudu suna sallama a na mutane.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne an samu waɗanda ba sa jin wannan tsoro. Attajirin da ke zaune a birni, ya tara shanu ya ba ɗan haya, ya haƙa rijiyarsa ko ya sayi lokacin gwafa da kuɗi, ba ya sa ran zai taɓa tsayawa a layin wani. Ɗan hayar kuma ba shi da ikon yin alheri da ruwan da ba nasa ba. Rijiyoyin siminti da gwamnati ta yi ta haƙawa tun zamanin hukumar haƙa rijiyoyi ta OFEDES sun ceci rayuka da dukiya, wannan babu musu, amma da aka ce rijiya ta kowa ce, a wurare da dama sai ta koma ta mai ƙarfi, domin babu wani mai gida da kunya za ta kama in baƙo ya kwana da ƙishirwa.

Dokar ƙasa tana gefen al'adar kirki. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun amince cewa makiyaya suna da fifiko a yankin da suka saba zama, amma fifikon bai ba su ikon rufe wa wasu ruwa da kiwo ba. Dokar 2010 ta kuma ɗauki yawon kiwo a matsayin haƙƙi. Akwai kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma, kuma tun da aka cire Belbeji daga Tanut aka mai da ita gunduma a 2011, hukuma ta matso kusa da mutanen Tarka. Sai dai rigimar layi takan tashi ta ƙare cikin awa ɗaya, tun kafin labari ya kai ofis.

Don haka ni ina ganin gyaran yana hannun kwamitin kowace rijiya da masu gari da ardo-ardo. Su zauna tun kaka, kafin rani ya matsa, su faɗi tsarin da baki a gaban kowa sannan a rubuta: lokacin kowane gida, wa ke bin wa, kwana nawa ake ba baƙo. A rijiyar da ke da gwafa huɗu zuwa sama, a ware ɗaya daga hantsi zuwa azahar don mata masu ruwan gida da matafiya da masu 'yan awaki, kada babban garke ya taɓa ta a wannan lokaci komai kuɗin mai shi. Inda ake karɓar kuɗin gyaran rijiya, a karɓa bisa yawan dabbobi, shan ɗan Adam kuma a bar shi kyauta. Wanda ya riƙe gwafa ba ya ja, mutane suna jira, a ba na bayansa, shi ya dawo bayan sun gama. Ɗan hayar attajiri ma a kira shi wurin zaman, a gaya masa a gaban shaidu cewa sharaɗin ya hau kansa, ya kai wa maigidansa saƙo.