Abin Da Ya Sa Irin Masara Ke Rikiɗa

Daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, masara ta ci gonaki da yawa waɗanda a da dawa ce a cikinsu. To, amma akwai kukan da manoma ke yi: mutum ya sayi iri mai aure a kanti, ya sami amfani, ya ɗebi na shuka daga rumbunsa, da damina ta zagayo sai ya ga gona ba kai, wata doguwa, wata gajera, goyon ma ƙanana. Sai a ɗora wa taki laifi. Ba ruwan taki.

Ga yadda abin yake. Furen da ke bisa kan masara shi ne namiji, gemun da ke bakin goyo shi ne mace. Kowane silin gemu ƙwaya guda yake haifarwa, in garin furen ya faɗo masa. Iska ce ke kwasar garin nan, ita kuwa ba ta san iyakar gona ba. Shi ya sa wanda ya shuka fara kusa da mai rawaya yakan ɓare goyo ya tarar da ƙwayoyi masu rawaya a ciki. Dawa ba haka take ba, yawanci zangarniya kanta take yi wa barbara, don haka kaura ta daɗe tana kaura, farafara tana farafara.

Wani limamin Kirista a ƙasar Turai, Gregor Mendel, shi ya fara gano ƙa'idar gadon nan, ya buga ta a 1866. Ya haɗa dogon wake da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Da ya shuka 'ya'yan 'ya'yan, sai gajarta ta dawo, wajen guda cikin huɗu. Watau halin bai ɓata ba, ɓuya ya yi. Iri mai aure ɗan fari ne na iyaye biyu da masana suka zaɓa. Ƙarfinsa na shuka ɗaya ne, a jikoki sai halaye su watse.

Saboda haka mai son irin nan sai ya sayi sabo kowace shekara. Wanda ba shi da hali, gara ya nemi irin da ba mai aure ba, kamar waɗansu da Samaru ta fitar, wanda za a iya ajiyewa shekara biyu ko uku. Ya zaɓi goyon iri tun masara na tsaye, daga tsakiyar gona, ba gefen maƙwabci ba, kuma daga tushe masu yawa.

'Yan kasuwa kuma su ji tsoron Allah. Masarar da aka auna a Kwanar Dangora don tuwo, kada a zuba mata jan magani a sayar da sunan iri. Mai saye ya duba buhu a ɗinke da takardar shaida, in ya yi shakka ya kai wa malamin gona kafin ruwan shuka ya sauka.