Gudun Dogon Zango da Juna Biyu: Shiri Ba Tare da Rauni Ba

'Yar'uwa mai juna biyu, a ɗakin awo mukan haɗu da matan da motsa jiki ya zame musu jiki: 'yan wasa, sojoji, 'yan sanda, da waɗanda suka saba gudun safe. Wata ma ta riga ta fara shirin shiga gasar gudu mai nisa sai ga ciki ya shiga. Tambayarsu ɗaya ce: in ci gaba ko in dakata? Amsar a taƙaice ita ce, ki ci gaba da motsa jiki, amma ki ɗaga gasar.

Wace irin gasa ce?

Tsawon gudun yada-ƙanin-wani kilomita 42 ne da ɗoriya. Akwai kuma wanda ya zarce shi, ana yinsa a hanyoyin daji da kan duwatsu, masu farawa sukan soma da kilomita 50. A watan Janairun 2019 Jasmin Paris, wata likitar dabbobi 'yar Birtaniya, ta lashe gasar Spine mai tsawon kimanin kilomita 430 cikin awa 83, ta kada har da maza, alhali tana tsayawa a hanya tana tatsar nono saboda 'yarta mai wata 14. Ita kuwa Paula Radcliffe ta Ingila ta haihu a Janairun 2007, ta koma atisaye da wuri, sai ƙashin ƙugunta na baya ya tsage. Sai da ta huta ta warke, sannan ta ci gasar New York a watan Nuwamba na shekarar. Labarin farko yana nuna abin da jikin uwa zai iya. Na biyu yana nuna abin da gaggawa ke jawowa, ko ga ƙwararriya.

Me ciki ke sauyawa a jiki?

Jinin jikinki yana ƙaruwa da kusan rabi, don haka zuciya tana aiki fiye da da. Nauyinki kan ƙaru da kilo 11 zuwa 16, gwiwa da idon sawu ne ke ɗaukarsa. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi suna saki don ƙugu ya buɗe wa jariri hanya. Ciki kuma yana rinjayar ki gaba, sai tuntuɓe ya zo da sauƙi. A hanya mai duwatsu da gangare, faɗuwa ɗaya kan ciki tana iya sa mabiyiya ta rabu da mahaifa kafin lokaci.

Abin da za ki yi yanzu

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce mai ciki mai lafiya ta samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar minti 30 sau 5. Idan kin saba gudu tun kafin ciki, kina iya ci gaba a hankali bayan likita ya duba ki. Idan ba ki saba ba, ba yanzu za ki koya ba. Tafiya da sauri ta wadatar.

1. Ki zaɓi fili mai laushi, ki bar hawan dutse da gangare.
2. Ki auna kanki da magana. In ba ki iya yin hira saboda haki, kin wuce kima.
3. Ki fita da sassafe ko da yamma. Zafin rana yana ƙona ruwan jiki, ki riƙe gorar ruwa.
4. Kada ki fita da yunwa, kuma kada ki yi wasa da maganin ƙarin jini.

Kada ki yi gudu sam idan kina da hawan jinin ciki, ƙarancin jini mai tsanani, ciwon zuciya, zubar jini, mabiyiya da ta tare bakin mahaifa, ko an ɗaure miki bakin mahaifa.

Ciwo da rauni

Gajiyar tsoka takan wuce cikin kwana 1 zuwa 2. Ciwon da ya sa ki ɗingishi, ko ya ƙaru kina cikin tafiya, rauni ne. Mata da yawa suna jin ciwo a ƙashin gaban mara ko a ƙwanƙwaso lokacin hawa matakala, juyi a gado, ko tsayuwa a ƙafa ɗaya. Kada ki daure ki ci gaba. Ki rage faɗin taku, ki sa matashi tsakanin gwiwoyi in za ki kwanta, ki nemi a tura ki sashen gashin ƙashi. In targaɗe ne, ki huta, ki ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15, ki ɗaga ƙafar. Kada ki sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis. Suna iya cutar da ƙodar jariri, musamman daga mako na 20. Ki tambayi ungozoma kafin shan kowane maganin ciwo.

Ki tsaya nan take ki zo asibiti idan kin ga jini, ko faya ta fashe, ko mara tana murɗawa a kai a kai, ko kin ji jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, kumburi da ciwo a sharaɓa ɗaya, ko motsin jariri ya ragu.

Bayan haihuwa

Cikar arba'in ba ta nufin jiki ya koma daidai. Tsokokin da ke tallafe mahaifa da mafitsara suna buƙatar lokaci. A 2019 wasu ƙwararrun masu gashin ƙashi a Birtaniya sun ba da shawarar kada mai jego ta koma gudu kafin mako 12, ko da kanta ta haihu ko tiyata aka yi mata. Kafin nan, ki yi tafiya, ki riƙa matse tsokar gabanki kamar mai riƙe fitsari sannan ki saki, sau 10, sau 3 a rana.

Kafin gudun farko ki gwada kanki: tafiyar minti 30, tsayuwa a ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, tsalle 10 a kowace ƙafa. In babu ciwo, babu ɗigar fitsari, babu jin nauyi a gaba, ki fara da gudun minti 1 da tafiyar minti 2. Ki ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ki bar ranar hutu tsakani; hawan tudu shi ne na ƙarshe. Ki shayar da jariri kafin ki fita. Ƙashi kan ɗan rage ƙarfi a lokacin shayarwa, ya farfaɗo bayan yaye, saboda haka ciwon da ya tsaya wuri guda a kan ƙashi, wanda ke ƙaruwa in kin taka, yana buƙatar ganin likita.

Ga maigida da iyaye

Waɗannan ƙa'idoji ba na masu gasa kaɗai ba ne. Matar da ke doguwar tafiya zuwa gona ko rijiya da kaya a ka, jikinta yana ɗaukar irin wannan nauyi. Ku rage mata kaya, ku ba ta abinci mai gina jiki, kada ku ce raki take yi in ta koka da ciwo. Ke kuma 'yar'uwa, gasa tana dawowa kowace shekara. Ki kawo tambayoyinki ranar awo, mu tsara shirin tare.