Girgizar Ƙasa: Shin Ƙaruwa Take Yi, Kuma Yaya Gidajenmu Suke?

A daren Lahadi wayewar Litinin, 18 ga Janairun 2010, dubban mutanen Gana sun kwana a waje. Saƙo ne ya riƙa yawo daga waya zuwa waya cewa ƙasa za ta girgiza kafin gari ya waye, sai jama'a suka kwashi yara da tabarmi suka fito filaye da bakin hanya. Masu 'yan uwa a Nima ko a zangon Kumasi daga cikinmu ba za su manta da kiran tsakar daren nan ba. Gari ya waye lafiya lau, ko ƙofa ba ta motsa ba. Kwanaki kaɗan kafin nan girgizar ƙasa ta rusa babban birnin Haiti, hotunan gawarwaki suna cikin idon kowa, don haka ba mu ga laifin wanda ya tsorata ba.

Mun tuno da wannan dare ne saboda tambayar da ake yawan yi mana a Sokode da Dapaong da Gando tun daga 2023, shekarar da Turkiyya da Siriya suka rasa mutane fiye da 50,000 a watan Fabrairu, Maroko kuma ta rasa kusan 3,000 a watan Satumba. Tambayar ita ce: shin girgizar ƙasa ƙaruwa take yi a duniya, kuma za ta iso mu?

Masana da ke riƙe da lissafin wannan al'amari tun kusan shekarar 1900 sun ce manyan girgizar ƙasa ba su ƙaru ba. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta nuna cewa a kowace shekara akan sami kimanin 15 masu ƙarfin maki 7, da kamar guda ɗaya mai maki 8 ko fiye. Wata shekara adadin ya haura, wata ya sauka. Abin da ya ƙaru shi ne na'urorin awo, waɗanda yanzu suke kama ɗan motsin da a da ba wanda zai sani, sai kuma hanyoyin labari. Kakanninmu fatake sukan ji labarin bala'in wata ƙasa bayan watanni, daga bakin ayari. Mu kuwa kafin ƙura ta lafa hoton ya shigo WhatsApp. Mutane ma sun ƙaru, birane sun cika, ga benaye a inda da gonaki ne. Girgizar da a da za ta faɗa wa daji, yau kan dubban gidaje take faɗawa.

Mun san akwai hadisin da ya ambaci yawaitar girgizar ƙasa cikin alamomin kusantowar Ƙiyama, kuma yaranmu suna haddace Suratuz Zalzala tun suna kan allo. Mun yi imani da wannan. Amma sanin lokaci na Allah ne Shi kaɗai, kuma har yau babu wani masani ko na'ura da ke iya faɗin rana da sa'ar da ƙasa za ta motsa. Duk saƙon da ya zo da rana da lokaci ƙarya ne, mai tura shi gaba kuwa ya taya yaɗa ta.

Dangane da yankinmu, Allah Ya yi mana sauƙi. Ɓawon duniya a rarrabe yake kamar fasasshen kasko, ɓangarorin suna gogar juna a hankali, kuma a bakin waɗannan ɓangarori ne girgiza ta fi yawa, kamar Turkiyya da Japan da Indonesiya. Afirka ta Yamma tana zaune a kan tsohon dutse, nesa da bakin. Sai dai sauƙi ba ya nufin babu. Akwai tsohuwar tsaga a ƙarƙashin ƙasa da ta taso daga wajen Accra ta bi tsaunukan Akwapim zuwa arewa maso gabas, kuma jerin tsaunukan nan ne ya ratso Togo, ya wuce ta Aledjo inda motocinmu ke hawa da kyar, ya shiga Benin. Accra ta sha girgiza a 1862, ta sake sha ranar 22 ga Yunin 1939, inda mutane 17 suka mutu, fiye da 130 suka ji rauni. Abin ya zo bayan magariba, jama'a ba su shiga barci ba, shi ya sa asarar rai ba ta fi haka ba. Birnin ya sake jin motsi a Disambar 2018 da Disambar 2022. A Najeriya ma, mutanen Kwoi ta jihar Kaduna sun ji nasu a 2016, na Mpape a Abuja kuma a 2018.

Wadda ta fi kamata mu tsaya a kanta ita ce ta Gini. Ranar 22 ga Disambar 1983, kafin asuba, ƙasa ta girgiza a yankin Koumbia da Gaoual, a arewa maso yammacin ƙasar. Wuri ne na Musulmi manoma da makiyaya, masu ɗakunan ƙasa irin namu, kuma babu wanda ke lissafa shi cikin wuraren haɗari. Ɗaruruwan mutane suka rasu, dubbai suka rasa matsuguni. Yawancinsu bango ne ya faɗo musu suna barci.

Nan ne gizo ke saƙa. A buɗaɗɗen fili da wuya girgiza ta kashe mutum; gini ne ke kisa. A shekarar 2010 ɗin nan, girgizar Haiti maki 7 ce, gwamnatin ƙasar ta ce mamata sun haura 200,000. Makonni shida bayan haka aka yi mai maki 8.8 a Chile, wadda ƙarfinta ya ninka na Haiti sau ɗaruruwa, domin kowane maki ɗaya ninki ne kusan 32. Mutanen da suka mutu a Chile ba su kai 600 ba. Chile tana da dokar gini kuma ana bin ta. A garin Bam na Iran, a 2003, gidajen tubali masu nauyin rufi suka danne mutane fiye da 26,000 da asuba. Ƙauyukan tsaunin Atlas na Maroko ma ginin ƙasa da dutse ne, har tsohon masallacin Tinmel mai shekaru fiye da 800 bai tsira ba.

To, mu dubi namu. Ɗan kasuwa ya sami riba a kasuwar shanu ko a safarar hatsi, sai ya ɗora bene a kan gidan da mahaifinsa ya gina domin hawa ɗaya, ba tare da an tona an duba harsashi ba. A wajen buga bulo ana matsa wa buhun siminti ya haifi abin da ba zai iya ba, har mutum ya murje bulon da yatsa. Ana rage ƙarfen ginshiƙi, ana kwaɓa kankare da yashi mai laka, sannan a zuba rufin kankare mai nauyi a sama, a ɗora tankin ruwa. Mun ga masallatan unguwa da makarantun Islamiyya da aka yi wa haka da kuɗin taimako, da kyakkyawar niyya. Irin wannan gini ko ruwan Agusta yana iya kayar da shi, balle ƙasa ta motsa. Kuma abin kunya ne a ce an kashe kuɗi a kan tayil da fenti da ƙofar gilashi, an yi rowar abin da ke riƙe da rayukan iyali.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Magina sun san ɗamarar ƙarfe da kankare da ake zagaya gini da ita a ƙasa da kuma saman tagogi, wadda ke ɗaure bangaye su zama abu ɗaya. Maigida ya nace a yi ta, ya tsaya a kai ranar da ake zubawa. Mai ginin ƙasa ya bar rufinsa marar nauyi, ya toshe tsagar bango kafin damina, ya duba azarar da gara ta ci. Uwargida kuma ta sauke jeren kwanoni da akwatuna masu nauyi daga saman inda yara ke kwana.

Idan Allah Ya ƙaddara aka ji ƙasa tana motsi, wanda ke bakin ƙofar ɗakin ƙasa ya fita tsakar gida, ya nisanci katanga da wayar lantarki. Wanda ke cikin bene kada ya ruga matakala. Ya durƙusa, ya shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ya kare kansa da wuyansa har motsin ya tsaya. Bayan nan a kashe gas da wutar murhu, a fita, kada a yi saurin komawa, domin girgiza takan dawo. A Turkiyya ta biyun ta zo ne bayan kimanin sa'o'i tara, ta kayar da gine-ginen da ta farko ta raunana.

Muna roƙon kwamitocin masallatanmu, musamman masu shirin ƙara hawa kafin azumi, su nemi injiniya ya duba harsashi da ginshiƙai kafin a sayi bulo ko ɗaya. Su kuma duba ƙofofi: da yawa ciki suke buɗewa, kuma ranar Juma'a takalma da babura ne ke tare bakinsu.