Minti 15 Ga Wasu, Minti 2 Ga Wasu

Ana cewa ranar tarzoma kulkin ɗan sanda ba ya tambayar sunan uban kowa. Mu dai da muka duba abin da ya faru a jihar Alabama ta ƙasar Amurka, sai muka ga tambaya yake yi, har ma da duba launin fata.

Ranar 14 ga watan Mayu, 1961, wata motar safa ta iso tashar birnin Birmingham ɗauke da waɗansu matafiya, baƙaƙe da farare, waɗanda suka yi niyyar gwada hukuncin Kotun Ƙoli na 1960 da ya hana ware baƙar fata a tashoshin mota. Suna sauka sai 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka far musu da kulake da bututun ƙarfe, har ɗayansu, James Peck, sai da aka yi masa ɗinki fiye da 50. Ofishin 'yan sanda ba nisa, amma ko ɗaya bai leƙo ba. Kwamishinan da ke riƙe da su, Bull Connor, ya ce wai ranar bikin iyaye mata ce, yaransa sun tafi gaida uwayensu. Daga baya wani ɗan rahoton FBI da ke cikin ƙungiyar ya tona asiri, watau an yi wa maharan alkawarin minti 15 su yi abin da suka ga dama.

Shekara 4 bayan haka, ranar 7 ga Maris, 1965, mutum wajen 600 suka fito daga garin Selma, duk a jihar, a jere biyu-biyu, ba mai ko tsinke, za su kai kukansu Montgomery kan maganar ƙuri'a. Da suka haye gadar Edmund Pettus sai suka tarar da 'yan sandan jiha, da mahayan Jim Clark, shugaban 'yan dokan gundumar Dallas. Manjo John Cloud ya ba su minti 2 su watse, minti 2 ɗin ma ba a bari sun cika ba. Aka bi su da kulki da barkonon tsohuwa da dawakai, aka fasa kan John Lewis, mutum 17 suka kwanta asibiti.

To, ya ku masu karatu, ina tushen wannan? A ganinmu ba a bakin gada yake ba, a teburin akawu yake. Shugaban 'yan dokan gunduma a can zaɓensa ake yi. Baƙaƙen da suka isa jefa ƙuri'a a gundumar Dallas sun kai 15,000, amma waɗanda sunansu ke cikin rajista wajen 300 ne kacal. Ofishin rajistar kwana 2 ake buɗe shi a wata, in kuwa baƙin mutum ya samu shiga, sai a ɗora masa jarrabawa kan tsarin mulki, mai rajista kuma shi ke da ikon cewa ya ci ko ya faɗi. Ina dalilin da Clark zai ji tsoron mutanen da ba su da hannu a kujerarsa?

Malaman makaranta ma ba su tsira ba, ga su kuwa su ke koya wa yara wannan tsarin mulkin. Ranar 22 ga Janairu na shekarar, malamai baƙaƙe fiye da 100, Frederick Reese na gaba, suka nufi ofishin duk da sanin aikinsu na hannun Turawan gundumar. Clark ya tare su a matakala ya yi ta ingiza su da kulki.

Ranar 6 ga Agusta, 1965, Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar haƙƙin ƙuri'a, aka aiko da masu rajista daga gwamnatin tarayya, dubban baƙaƙe suka shiga littafi. Da zaɓen 1966 ya zo, Wilson Baker ya tsaya takara da Clark. Mutanen Clark suka nemi a zubar da akwati 6 na unguwannin baƙaƙe, wai an yi maguɗi. Alƙalin tarayya ya ce a ƙirga su. Da aka ƙirga, Baker ya ci.